Ɗinki Biyar a Bakin Ragon Layya

A shekarar korona na dawo Illela da jaka biyu, ɗaya ta tufafi ɗaya ta littattafai, da wani ɗan akwatin ƙarfe da ban yarda kowa ya taɓa ba. A cikinsa akwai almakashi, da hantsaki, da matsen riƙe allura, da allurai masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, kowace da baƙin zarenta. Ina aji huɗu a makarantar koyon likitancin haƙori, saura zango ɗaya a fara barinmu mu taɓa bakin mutane, sai aka rufe makarantu aka ce kowa ya tafi gida sai an neme shi.

Gidanmu gidan malamai ne. Mahaifina yana da Islamiyya a zaure, ita ma an tashe ta, gidan ya yi wani irin shiru da ban saba ji ba. Garin ma haka. Iyaka a rufe take tun kafin cutar, 'yan canji na zaune a kan benci suna hamma, masu babura na bi ta bayan gari. Ni shirun bai dame ni ba. Tun ina ƙarami ni ne wanda ake mantawa da shi a ɗaki har a gama cin abinci, sai an zo wanke kwanuka a tuna ba a ga fuskata ba. Mutum ɗaya ce ba ta mantawa da ni, ita ce kakata, mahaifiyar babana. Sunan mijinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Maigida take ce mini. Kullum tana tsokanata da cewa ta auri miji marar baki, ni kuwa ban taɓa iya ramawa ba, murmushi kawai nake yi in sunkuyar da kai.

Bayan wajen wata biyu a gida, malamarmu ta tiyatar baki ta aiko da saƙo a guruf ɗinmu na waya. Ta ce ta haɗa kai da wasu malamai na ƙasashe daban-daban, duk halinsu ɗaya: asibitocin koyarwa a rufe, domin na'urar huda haƙori tana fesa ruwa da miyau cikin iska, ɗalibai kuma suna zaune a gida hannuwansu na mantuwa. Sun shirya a ci gaba da darasi ta bidiyo, duka ɗaliban wuri ɗaya.

Ban san yadda zan bayyana daɗin da na ji ba. Sabis ɗin gidanmu ba ya kama bidiyo sai a wuri ɗaya, ƙarƙashin dogon yaron da ke ƙofar ɗakin Kaka, shi ma sai na sa layin Nijar, domin daga Ƙonni yake zuwa da ƙarfi. Can nake shimfiɗa tabarma in jingina wayar da randa. Sai ga fuskoki sun cika gilashin, ƙanana ƙanana kamar hotunan fasfo: wata daga Indonesiya zakara na cara a bayanta, wani daga Sudan da fanka a kansa, wasu daga Pakistan, wasu daga Birazil. Malamin da a da sai dai mu ji labarin irinsa, ga shi yana magana daga ɗakin girkinsa, ni kuma ina Illela ina rubutawa akuya na cin gefen tabarmata. Na cika littafi uku. Amma ban taɓa buɗe lasifikar wayata na ce uffan ba. Ko sunana aka kira, sai in rubuta amsar.

Sai aka zo kan ɗinkin dasashi, wato naman da ke riƙe da haƙora. Malamarmu ta faɗa mana ƙa'idar ƙarara. Duk wanda ya nuna ɗinki biyar masu kyau a kan dasashi na gaske, kai tsaye a gaban masu jarrabawa, zai shiga asibiti da 'yan ajinsa ranar da aka buɗe. Wanda bai nuna ba, zai jira ya maimaita aikin hannu tare da 'yan ajin da ke bayanmu. Shekara guda ke nan.

Ni na daɗe ina ɗinki. Na ɗinke ɓawon lemo, na ɗinke soso, na ɗinke tsohon tif ɗin babur har ya koma kamar hular zanna. Amma duk waɗannan ba su karɓuwa. Wani malami daga Turai ya nuna mana yadda suke yi a can, ya ɗora muƙamuƙin alade a kan tebur. Rabin fuskokin da ke gilashin suka kau da kai. Malamarmu ta yi dariya ta ce masa mu nan sai dai na rago ko na akuya, kuma ya ma fi kama da na mutum wajen taushi. Sharaɗin dai ya zama ɗanye, sabon yanka.

Na ɗauka abin mai sauƙi ne. Illela fa, garin da kasuwar dabbobinsa ta yi suna.

Akwai wani dattijon mahauci da ke yi wa gidanmu yanka tun zamanin kakana. Na same shi a kwata da safe, na gaishe shi, na yi magana ta cikin takunkumi cewa kan rago nake so. Ya ce in tafi gida, ɗan malam ba zai ratsa kasuwa da kai a hannu ba. Da azahar aka kawo shi a lulluɓe, an babbake shi tas, an kankare, an fasa gida huɗu. Na tsaya ina kallon dasashin da ya ƙone ya tattare kamar tsohon takalmi. Aka yi farfesu, kowa ya sa mini albarka.

Bayan mako guda na koma. Na shirya jawabina tun daga gida, amma da na iso na tarar da mutane sun kewaye shi, sai abin da ya fito daga bakina shi ne wancan kan bai yi mini yadda nake so ba, babbakar ce matsalar. Dattijon ya ji kunya ƙwarai, ya ba ni haƙuri. Wanda ya aiko a karo na biyu da hannunsa ya babbake shi a hankali, babu ko gashi ɗaya, har ya bubbuge haƙoran da bayan wuƙa ya zubar don kada su wahalar da mu. A wurinsa, aika ɗanyen kai da gashi da jini gidan malamai rashin ladabi ne, ko a mafarki ba zai yi ba.

Daga nan kuma kan ma ya yi wuya. An taƙaita cin kasuwa, dabbobin ƙetare ba su shigowa yadda aka saba, ɗan abin da ake yankawa matan da ke sayar da langaɓu sun riga sun kama. A guruf ɗin waya kowa kukansa ke nan. Na birane sun ce kwatarsu a rufe take. Wata ta ce mahaifinta ya hana a shigo masa da ɗanyen kai gida ba dalili.

Ina zaune wata safiya ina kallon ragon layyarmu da aka ɗaure a tsakar gida yana tuƙa, muƙamuƙinsa na kai da kawowa, sai abin ya faɗo mini. Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah. A ranar, kusan kowane gidan Musulmi daga nan har Indonesiya zai sami sabon kai, ba sai an je kwata ba, ba sai an roƙi kowa ba. Na rubuta saƙon na goge, na sake rubutawa na goge. A karo na huɗu na rufe ido na tura wa malamarmu ita kaɗai, na kife wayar a kan tabarma.

Ko rabin awa ba a yi ba ta aiko da saƙon murya, tana magana da sauri kamar wadda ke gudu. Ta ce ta riga ta tura wa sauran malaman. Kafin la'asar an amince. Aka sa jarrabawar ranar Sallah bayan azahar ga duk mai so, waɗanda ba su layya kuma za su nemi kai wurin maƙwabta. Washegari a darasi aka ambaci sunana da sunan garinmu, wani malami ya yi ta ƙoƙarin furta Illela. Fuskoki suka yi ta tafi a cikin 'yan akwatunansu. Na kashe kyamarar, na tashi na zagaya dogon yaron sau biyu. Malamarmu ta ce in rubuta yadda za a shirya muƙamuƙin, na rubuta shafi guda, mataki bakwai: a raba shi da kan nan take, a wanke da ruwan gishiri, a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa. Aka fassara shi harsuna uku.

Sai da na gama duk wannan murnar na tuna cewa kan ragon gidanmu ba na kowa ba ne sai Kaka.

Haka al'adar gidan take tun kafin a haife ni. Ranar Sallah ita ke babbake kan da hannunta, ta kyafe shi, ta rataye a ɗakin girki har ranar cika-ciki, wata guda bayan nan. Ranar ake dafa shi ɗungurungum, duk zuri'a a taru, ita ke rabawa. Harshe na babana ne, kunci na 'yan'uwansa mata. Na sami Baba na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a shari'a babu abin da ya hana, amma shi bai taɓa sa baki a kan wannan kai ba kuma ba zai fara da furfura ba. In je in tambayi mai shi.

Na same ta tana tsince wake. Na durƙusa, na daɗe ina gaisuwa.

“Maigida, wagga gaisuwa ta yi tsawo. Mi kaka nema?”

Na ce muƙamuƙin ragon layya, na ƙasa kawai, don jarrabawa.

“Ka cire mashi baki in rataye mi? Tun kakanka na da rai ban taɓa aje kai da rabi ba. Kai ba ka da baki, shi ma rago sai ka raba shi da nashi?”

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na tashi na koma ɗaki. Ɗalibai a ƙasashen da ban san adadinsu ba suna bin matakai bakwai da na rubuta, ni da na rubuta su ba ni da muƙamuƙi. Na yi tunanin maƙwabta, amma kowane gida da tasa tsohuwar da nata tsarin, kuma wanda ya kasa roƙon kakarsa yaya zai roƙi ta wani?

Abin da na iya shi na koma yi, wato nazari. Kwana biyu ina zuwa wurin ragon da dusa a hannu, ina ɗaga leɓensa ina leƙawa, har ya saba da ni. Haƙora takwas ne a gaba ta ƙasa, sama babu ko ɗaya sai dasashi mai tauri. Na auna da ɗan ma'aunina, na zana a littafi. Na ga idan wani ya ja leɓen ƙasa ya riƙe, akwai isasshen wurin yanka da ɗinki biyar a gaban haƙoran, ba sai an raba muƙamuƙin da kan ba. Zai fi wuya, domin wurin matsattse ne kuma ga harshe. Amma zai yiwu.

Ana jajibiri na koma wurinta. Tana zaune an ƙunsa mata lalle a hannu da ƙafa, ba ta da halin tashi ta bar ni.

Na ce, “Uwargida, ba kyauta na zo nema ba, aro ne. Miji ya ari kan rago na awa ɗaya a gidansa, a hana shi? Sai in ƙara aure.”

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta fashe da dariya har da tari, tana kiran mahaifiyata ta zo ta ji, yau Maigida ya yi magana. Da ta lafa ta sa na maimaita bayanin dalla-dalla. Ta kafa sharuɗɗa uku. Kan ba zai bar hannunta ba, ita za ta riƙe. Duk abin da na yanka sai na ɗinke. Kuma kafin kiran la'asar yana kan wuta, ko na gama ko ban gama ba.

Ranar Sallah bayan an sauko daga Idi, Baba ya yanka, dattijon mahaucin nan ya zo fiɗa. Da ya ji abin da ake ciki sai ya ajiye wuƙa ya riƙe ƙugu yana dariya, ya ce ashe kai biyu ya ɓata mini da sunan kyautatawa, ni kuma na ci na yi godiya. Shi ne ya gaya mini abin da babu a matakaina bakwai: kafin azahar bakin zai sandare, ko ƙato ba zai buɗe shi ba. Ya ɗauko totuwar masara ya tokare tsakanin muƙamuƙan tun kan na da ɗumi. Nan take na rubuta a guruf ga duk wanda zai yi da kai sukutum.

Bayan azahar na shirya tebur ƙarƙashin dogon yaro, na shimfiɗa farin ƙyalle, na jera kayan aikina bi da bi. Na sa wa Kaka takunkumi da safar hannu a kan jan lallenta, tana cewa an mayar da ita dodo ranar Sallah. Tsakar gida cike da hayaƙin suya. A gefe an hura mata wutar babbaka tana jira.

Aka fara kiran suna. Na ga ɗalibar Indonesiya da muƙamuƙin akuya a kan faranti, ana kabbara a masallacin unguwarsu. Na ga na Sudan, na ga wani daga Pakistan da na saniya wanda ya cika masa tebur. Wata 'yar Birazil ta ce maƙwabcinta Balarabe ne ya ba ta. Duk wannan dabara daga tsakar gidanmu ta fito. Na kasa zama, ina ta gyara jeren almakashi da hantsaki da suka riga suka jeru. Amma layin masu jiran kira na tafiya a hankali. Inuwar dogon yaro ta fara tsawo, hadari ya taso daga gabas, Kaka na duban wutarta tana duban rana.

Da aka kira ni saura kaɗan la'asar. Mai jarrabawar wani dattijon likita ne daga Asiya, malamarmu na gefe a nata akwatin. Ya ga kai sukutum da ƙahoni, ya gyara tabarau, ya tambayi wace ce mataimakiyata. Ba halin rubutu, hannuwana cikin safa. Na buɗe baki, a karo na farko cikin wata uku, na ce kakata ce. Ya gaishe ta. Na fassara mata, ta ce in gaya masa ya yi sauri.

Ta ja leɓen ƙasa da yatsu biyu, hannunta ko motsi. Na tsaga dasashin, na ɗaga shi daga ƙashi, na mayar. Ɗinki na farko ya zauna, ƙullin a gefe ba a kan tsagar ba. Na biyu ma haka. A na uku, ina jan zaren sai naman ya yage. Jiran da aka yi ya sa gefen ya bushe, ni kuma na soka allurar kusa da baki.

Na tsaya cak. Ina jin iska na kaɗa ganyen dogon yaro, ina ganin shekara guda tana tafiya. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallon Kaka ba.

“Ya yage?” in ji ta ta cikin takunkumi. “To gaya musu. Ni kaka kallo? Ba ni ka ba ka takarda ba.”

Na juya ga wayar. Na ce ɗinki na uku ya yage, kuma laifina ne, na shiga kusa da gefe a nama da ya fara bushewa. Na ce zan cire zaren, in jiƙa wurin da ruwan gishiri, in koma baya kaɗan inda naman ke da ƙarfi, kuma ba zan ja da ƙarfi ba. Dattijon ya ce in ci gaba. Na yi yadda na faɗa, ina faɗin kowane mataki da baki kafin hannu ya yi. Na uku ya zauna. Na huɗu. Ina yanke zaren na biyar ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan farin ƙyallen.

Ya sa na matso da wayar ya duba ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a bakin mutum ma dasashi na yagewa, abin da yake so ya gani shi ne abin da ɗalibi zai yi bayan nan. Ya ce na ci. Ya kuma roƙi Kaka ta sake nuna wa sauran ɗalibai yadda ta riƙe leɓen, domin aiki a cikin baki sukutum ya fi kusa da na gaske. Malamarmu, wadda cikin malaman ita kaɗai ke jin Hausa har ta gane abin da Kaka ta ce mini, ta rufe fuska da gyale tana dariya.

Kaka ta nuna musu na ɗan lokaci. Ladan na ɗaga murya ta sungumi kan ragonta ta yi wajen wuta da safar a hannu. Na bi ta ina cewa ta bari in cire zaren, ta ce sharaɗi ɗinkewa ne, babu warwarewa a ciki. Ni kuwa na tsaya cikin yayyafi da waya a hannu, saƙonni na shigowa kamar ƙanƙara, na rasa wanda zan fara gaya wa. Daga ƙarshe na ruga zaure wurin Baba, ban ko cire takunkumi ba.

Ranar cika-ciki aka sauke kan daga inda yake rataye aka dafa. Muna zaune ana ci, Kaka na rabo, sai ta tsaya ta zaro wani ɗan baƙin abu daga gaban muƙamuƙin. Ta ɗaga shi ga haske. Ƙulli ne, ya sha wuta, ya sha hayaƙin wata guda, ya sha tafasa, bai kwance ba. Ta laluba ta sami na biyu. Ta goge su da gefen zane ta miƙo mini, ta ce wa jama'a duk mai ciwon haƙori ya yi haƙuri har a buɗe makaranta, mijinta ya kusa fara aiki. Sannan ta yanko kuncin da ba a taɓa ba ni ba ta sa a kwanona.

Da aka buɗe na shiga asibiti tare da 'yan ajinmu. Ƙullin biyu suna cikin akwatin ƙarfen nan, a naɗe cikin auduga, kusa da allurai.